Abakar Mai Faiba da Awon Ɗan Fari

Abakar yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, saboda haka kada wani ya ce sharri nake masa. Na san shi tun yana yawo ba takalmi a bakin teku a Bur Sudan, garin da kakanmu ya yada zango a hanyarsa ta Makka daga Kazaure, bai kuma sake ɗaga ƙafa ba. A can ya koyi aikin faiba, yadin nan da ake zuba wa ruwan gam ya daskare ya yi tauri, yana liƙe kwalekwalen masunta idan sun tsage. Da muka taso muka dawo Alƙahira da zama, shekara ashirin da wani abu ke nan, sana'ar ta biyo shi, kwalekwalen ne kawai suka tsaya a baya. Ya kama wata warsha, wato shagon aiki, a unguwar Ard al-Liwa, cikin lungun da rana ba ta leƙawa sai ta take tsaka, yana gyaran tankunan ruwa da goshin keken tuktuk mai ƙafa uku da bambar mota. Kowa a layin ya san shi. Hannuwansa kullum farare fat da ƙura, warin ruwan faiba yana bin sa har sahun masallaci, kuma idan ya liƙe maka tanki, sai dai ginin ya rushe tankin na nan. Ba ya ha'inci a aiki, wannan na ba shi. Amma taurin kai, Allah ya zuba masa kamar shi kaɗai aka raba wa.

Husam ɗansa ne na fari. A wajenmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a wasa da shi, ba a kallonsa ido cikin ido. Kunya ce. Kakanninmu sun ƙullo ta cikin kayansu daga ƙasar Hausa suka riƙe ta gam, har ɗaliban Kano da ke karatu a nan in sun ji labarin dariya suke yi, wai su a birni an daɗe da sassautawa. Ana yaye Husam aka miƙo mini shi, ni Mahasin da Allah bai ba haihuwa ba. Ya girma a shaƙƙata, ɗan gidana na saman bene a unguwar Faisal, cikin hayaƙin turaren wuta da nake haɗawa ina sayarwa. Uwarsa Zahra tun shekarunmu na farko a Masar ta watsar da kunyar, tana kiran sunansa har da rungumarsa. Abakar kuwa ko gezau. Lina, ƙanwar Husam, har wuyan uban take hawa tana ƙarama, amma shi Husam a bakin ubansa "wancan na wajenki" ne. Misirawan layin sun fara kiransa Abu Husam, yadda suke kiran kowane uba da sunan babban ɗansa, sai ya yi kamar kurma, har suka gaji suka koma ce masa Usta Abakar, wato gwanin sana'a.

Ni na fahimta, don a ciki na tashi. Yaron da ya tashi a Faisal fa? Yana gani a ƙofar makaranta uba ya sumbaci goshin ɗansa, ranar salla kuma ya je ya durƙusa ya gaida nasa uban, uban ya amsa yana kallon bango. Na yi bayani har bakina ya gaji. Na ce kunya ce, na ce so ne ya yi yawa. Yana ƙarami ya yarda. Da gemu ya fito masa sai ya daina tanka mini.

Husam ya daɗe yana zuwa Iskandariya aikin bazara, a wani wuri a Agami da ake koyar da iyo, ana kuma ba da hayar allon nan da samari ke tsayawa a kai igiyar ruwa ta kwaso su ta kawo gaɓa. Ya koya, abin ya shiga ransa. A ƙarshen bazarar bara masu wurin suka ba shi aiki na dindindin har da ɗaki. Ya ce da zarar sanyi ya shigo teku ta fara tashi, zai tattara ya koma can.

"Ke zan riƙa zuwa gani, Gwaggo," in ji shi, yana karyawa a tsaye. "Amma Ard al-Liwa, khalas, na gama. Ba zan sake taka gidan mutumin da bai taɓa kallon fuskata ba. Ranar da ya rasu a gaya mini, zan zo in yi masa salla."

Na san da gaske yake, don Husam ba ya faɗin abu sau biyu. Na gaya wa Zahra, ita kuma ta gaya wa Abakar yana cin abinci. Ta ce ko ɗagowa bai yi ba, cewa ya yi miyar ta yi gishiri.

Ba a yi sati ba sai ga Abakar a ƙofata.

Ku gane, mutumin nan ba ya ziyara. Salla ƙarama da babba kaɗai yake hawa matakalar gidana, ya sha shayi a tsaye ya ce aiki na jiransa. Yanzu ga shi da hantsi, ranar aiki, kuma daidai lokacin da Husam ba ya gida. Ya zauna, na dafa masa gahawa, ya shanye, ya ƙi tashi. Idonsa na kan ƙofar ɗakin yaron.

"Wancan na wajenki yana cin abinci sosai kuwa?"

"Yana ci, Yaya. Me ya faru?"

"Babu komai. Burodi nawa yake ci a zama ɗaya?"

Na dube shi sama da ƙasa. Tunda aka haifi yaron nan bai taɓa tambayar ko ya kwana lafiya ba, yau burodi yake ƙirga masa. Na ce in ciyarwa ya zo taya ni, ya makara. Ya ce a'a, tambaya ce kawai. Na shiga kicin in sauke tukunya, da na fito sai na gan shi tsugune a bakin ƙofa ya ɗora hannu a kan takalmin Husam yana taƙi. Yana ganina ya miƙe, wai silifas ɗinsa yake nema. Silifas ɗin kuwa suna ƙafarsa.

Ya dawo, ya sake dawowa, kullum yaron ba ya nan. Na sa masa ido. Ran nan ya ce kansa na ciwo, in sauka kantin magani in sayo masa ƙwaya. Na ce to, na buɗe ƙofa na rufe da ƙarfi, na tsaya a ciki bayan labule. Ban ƙirga goma ba ya tashi ya shige ɗakin Husam. Na leƙa. Ya zaro zare daga aljihu ya miƙe shi a kan katifa daga kai zuwa ƙafa, ya ƙulla. Sannan ya sa tafin hannu yana danna inda jikin yaron ya lotsa katifar, yana gyaɗa kai. Na koma da sanɗa, na sauka na sayo ƙwayar, na kawo masa. Bayan ya tafi na duba ɗakin. Jakar tsofaffin kaya da ke saman kwaba an taɓa ta, kuma farar jallabiyar da Husam ya yi salla da ita yana sakandare babu ita.

To, ku gaya mini. Takalmi, da makwanci, da tsohuwar riga mai gumin jiki, da zaren da aka auna tsawon mutum da shi. Wace mace ce ta tashi a Bur Sudan za ta ga an haɗa waɗannan ta ce ba ta san inda aka dosa ba? Wurin faki ake kai su, irin malaman nan masu ƙulle-ƙulle. Akwai wani a can bayan Ard al-Liwa da mata ke zuwa wurinsa idan miji ya fara zancen tafiya Libiya. Kuma da idona na ga yaron da aka ɗaure wa ƙafa haka a unguwarmu ta da. Bai tafi ba kam, amma ya ƙare a zaune a ƙofar gidan uwarsa yana kallon hanya, ko sunansa aka kira sai ya daɗe kafin ya waiga. Ga zaren nan kuma. A wajenmu ba a auna mai rai a kwance, mamaci ake yi wa haka a kai wa masu haƙa. Na ce wato Abakar ba zai iya buɗe baki ya ce wa ɗansa ya zauna ba, ya gwammace ya taɓa masa hankali. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji tsoro, don yaron nan ni na goya shi.

Na tuntuɓi Zahra a waya, a kaikaice. Ta ce ita ma ba ta gane masa ba, ya sa kwaɗo a ɗakin baya na warsha, kuma kullum yana aron wayar Lina ya shige da ita. Ta rantse ba ta san komai ba. Ban yarda da ita ba ita ma, uwa ce, wace uwa ce ke son ɗanta ya yi nisa? Daga ranar duk abincin da ya fito daga Ard al-Liwa bai shiga bakin Husam ba. Zahra ta aiko da miyar kuɓewa har da nama, na sauka na juye wa kulolin bakin titi, na tsaya ina kallo ko za su sauya tafiya. Husam kuwa ban gaya masa ba. Na san in ya ji, ko sanyin ba zai jira ba.

Wata Alhamis da ya sauka daga wurina na yafa mayafi na bi shi. Ya shiga mikrobas, ƙaramar motar haya, na shiga na bayansa. Ya tsallaka layin dogo, na tsallaka, ina laɓewa bayan masu tallan kayan miya kamar ɓarauniya, ni da furfurata. Bai nufi gidan faki ba, warsharsa ya shiga. Na ce to, ke nan fakin ne ke zuwa nan. Na zauna wurin mai ruwan rake da ke kallon ƙofar, na sha kofi ina hararar duk mai rawani da ya gifta. Da aka kira azahar Abakar ya fito ya ja ƙofa ya nufi masallaci. Na faɗa ciki. Kwaɗon ɗakin baya yana rataye, bai danna shi ba.

Na tura ƙofar na shiga. Wani abu ne mai tsawon mutum a miƙe kan benci biyu, an lulluɓe shi da farin yadi, an shimfiɗa jallabiyar Husam a kai. Na yi salati, na kama bakin yadin na fizge.

Fom ne. Farin soson nan mai tauri da ake cusawa a jikin firji. An sassaƙe shi an goge shi sumul, cikinsa faffaɗa, kansa da ɗan tsini, wutsiyarsa a rabe biyu kamar ta kifi. Duk jikinsa zanen fensir ne, ga zaren nan mai ƙulli an kafe shi da ƙusa daga kai zuwa wutsiya. Ina tsaye ina jujjuya shi ina ƙwanƙwasawa Abakar ya shigo.

"Me kike nema a nan, Mahasin?"

"Layar nake nema. A ina ka cusa ta?"

"Wace laya?"

Na zazzage masa komai, takalmi da katifa da zare da faki. Ya saurara har na gama, sannan ya zauna a kan bokitin da ya kife, ya ce Allah ya shirye ni. Na ce amin, mu duka, amma ya yi mini bayani.

Da kyar maganar ta riƙa fitowa, yana yi yana kallon ƙasa. Lina ce ta nuna masa hoton bidiyo a wayarta, wancan na wajena a kan ruwa, tsaye a kan allon haya. A ƙarshen hoton yana gaya wa abokinsa cewa allunan haya dogaye ne kamar ƙyauren ɗaki, shi abin da ransa ke so gajere ne mai faɗi, wanda suke kira kifi, amma daga waje ake kawo shi, ba na irinsu ba ne. Ana nan sai wani Bamisire ya kawo wa Abakar irinsa da ya tsage a liƙe masa. Ya liƙe, ya ƙare masa kallo ciki da bai, ya yi wa mai shi tambayoyi har mutumin ya gaji.

"Ya ce ba kamar tanki ba ne, da za a yi ɗaya ya yi wa kowa," in ji Abakar. "Ga jikin mai shi ake yanka shi. In an jingina shi da mutum, kansa ya tsaya wajen goshi. Kauri kuma nauyin mutum ke faɗa. In ya yi siriri ya nutse da mai shi, in ya cika kauri ya ƙi juyawa a ruwa. Abu biyu ake nema, tsawo da nauyi."

"To ka tambaye shi mana."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a tsakiyar kasuwa.

"Shi ke nan, ni in tambayo maka."

"In kika tambaya zai ce wa ya aiko ki. Ke kuma bakinki ba ya riƙe magana."

Wato tsawon ya samo daga jallabiya da katifa, nauyin kuma daga burodi da lotsawar katifa. Ban san lokacin da na dafe kai ba. Na ce Yaya, rigar nan tun yana sakandare ce. Ya ce ya sani, shi ya sa ya ƙara yatsu uku. Na ce katifar ma ƙafafunsa a waje suke kwana. Ya ce duk samari haka suke kwanciya.

"Shekara arba'in ina awo, Mahasin. Ba ke za ki koya mini ba."

Ko da zan koya masan, an riga an yanka fom ɗin, kuma abin da aka yanke ba ya komawa.

Kuna tsammanin hankalina ya kwanta? Ina cikin mikrobas ina komawa wani tunanin ya zo mini. Mutumin da ba ya son ɗansa ya tafi, me zai sa ya ƙera masa abin da zai ƙara manna shi da teku? Ko dai kora ce, ungo kayanka ka ƙara gaba, ko kuma da gangan zai yi shi da rauni, ya karye da yaron a gaban abokan aikinsa, ya ji kunya ya dawo. Na koma washegari na faɗa masa haka a fuska. Ya ci gaba da goga samfefa kamar bai ji ba. Hakan ya ƙara mini zargi.

Saboda haka na tare a warshar. Duk ranar da zai yi aikin allon sai na rufe turarena na zo na zauna a kan bokiti, don kada a sa wani abu a ciki ba da sanina ba. Na ga ya shimfiɗa yadin faiba, na ga ya zuba ruwan nan mai warin tsiya ya baje shi, na ga ya dasa ƙayoyi biyu irin na jikin kifi a ƙarƙashin wutsiya. Har siririn katakon da ya ratsa tsakiya sai da na sa hanci na sunsuna. Ban kama shi da komai ba. Ya shafa masa shuɗin fenti irin na kwalekwalen Bur Sudan. Abin da na gani wanda ya tsaya mini a rai shi ne, duk ya gama goge wuri sai ya bi shi da tafin hannu a hankali, ya dawo ya sake bi, yana rufe ido. Ban taɓa ganin hannun nan ya taɓa ɗan Adam haka ba. Maimakon in ji tausayi sai haushi ya kama ni. Yaron yana Faisal da ransa da lafiyarsa, ubansa yana nan yana shafa soso.

Sanyi ya shigo, Husam ya ɗaure kayansa. Ana gobe zai tafi Abakar ya naɗe allon a bargo ya ɗora a kan wata motar kaya, ya ce in kai.

"Ki ce wani ne ya kawo gyara bai dawo ya karɓa ba."

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Yaya."

"To kada ki ce komai."

Ban kuwa ce komai ba. Na sa direba ya taya ni hawa da shi, na jingina a falo. Husam ya fito ya kwance bargon. Ya bi gefen da yatsa, ya juya shi, ya duba ƙayoyin, ya kai hancinsa.

"Aikin Baba ne," in ji shi.

Wallahi na ga fuskarsa ta buɗe kamar ta ƙaramin yaro. Ya ɗaga allon ya tsayar da shi a jikinsa. Da kyar kan ya kai kafaɗarsa. Ya matsa kaurin tsakanin yatsunsa, ya ɗaga shi da hannu ɗaya, sai fuskar ta rufe.

"Wannan ko ƙafa ɗaya na ɗora masa zai nutse. Na yaro ne, Gwaggo. Wa aka auna?"

A nan bakina ya ƙi riƙe maganar. Na gaya masa jallabiya, na gaya masa katifa da burodi, ina zaton zai ji daɗi. Ya yi wata dariya marar daɗin ji.

"Wato ya gwammace ya auna katifata da ya ɗago ya dube ni. Ko gatse ne? Gaya mini yake har yanzu ban kai mutum ba?"

Na ce ma'alish, ya yi haƙuri, ba haka ba ne, alhali ni kaina jiya-jiya nake zarginsa da abin da ya fi haka muni. Husam bai saurare ni ba. Ya saƙala allon a hammata ya sauka. Na bi shi da silifas ɗin wanka, mayafina a karkace. Duk hanya yana riƙe da allon ta tagar mikrobas, mutane suna ta kallonmu.

La'asar ta yi sanyi muka isa. Abakar ya zura kansa cikin wani tanki yana liƙi. Husam ya tsaya a tsakiyar warshar ya dasa allon a gefensa, bai yi sallama ba. Abakar ya fito da kai. Da wutsiyar ido ya duba, amma ya gani, don mai awo ba ya buƙatar a gaya masa. Ya ga inda allon ya tsaya, ya ga abin da ya rage a sama. Ya juyo gare ni.

"Mahasin, ki ce masa..."

"Ba ni cewa komai. Ga shi, ga ka."

Ya laluba aljihu ya fito da tef ɗin awo, ya miƙo mini. Na mayar da hannuwana cikin mayafi.

"Tun yana goye nake kai saƙo tsakaninku, Yaya. Yau na ajiye aikin."

Hannunsa ya tsaya a miƙe, tef ɗin na ciki, ba mai karɓa.

"Gobe da safe zan hau jirgin ƙasa," in ji Husam, muryarsa a ƙasa. "In za ka auna, ga ni. In ba za ka iya ba, ka bar shi, na gode da wahala. Ba zan sake damunka ba."

Na ga idon Abakar ya koma kan tankin, na ce shi ke nan, zai mayar da kansa ciki ne ya bar mu a tsaye. Har na fara tsanarsa, ɗan'uwana na jini. Ya ɗauki tsumma ya goge hannu, ya goge, ya sake gogewa, hannun da ba ya taɓa fita.

"A cire takalmi," ya ce da ƙasa.

Husam ya cire. Abakar ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara, ya sa bakin tef ɗin ƙarƙashin diddigen yaron. Ya fara miƙewa yana jan tef ɗin. Ya wuce gwiwa, ya wuce ƙugu, ya wuce ƙirji. A kafaɗa ya ɗan tsaya, don shi ya riga ya miƙe iyakar miƙewarsa, tef ɗin kuma bai gama tafiya ba. Ya ɗaga hannu sama, ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ya ɗora tafinsa a tsakiyar kan Husam. Ba yadda za a yi ya karanta lambar bai ɗaga fuska ba. Ya ɗaga. Husam yana kallonsa.

"Ashe ka fi ni tsawo," in ji Abakar.

"Na daɗe da fin ka, Baba."

Lambar ba ta da wuyar karantawa, amma hannun bai sauka ba. Ya tsaya a haka, a ɗage, ƙafafunsa na rawa, yana kallon gemun da goshin da bai san lokacin da suka zama haka ba. Na ga ruwa ya gangaro ya yi hanya a cikin farar ƙurar fuskarsa. Ya ce ruwan faiba ne ke yi masa yaji a ido. Ni kam ban nemi abin fakewa ba, na zauna a kan bokitina na yi kukana sosai, ina jin takaicin shekarun da aka zubar a banza.

"Nauyinka fa?" ya tambaya.

Husam ya faɗa masa. Abakar ya girgiza kai ya ce wannan sai an sayo sabon fom, babba.

Washegari Husam ya hau jirginsa kamar yadda ya ce, aiki na jiransa. Amma ranar Juma'a sai ga shi ya dawo, daga tasha bai biyo ta Faisal ba, Ard al-Liwa ya wuce. Wai Abakar ya ce ba a sa wa sabon fom wuƙa sai mai shi yana tsaye. Sanyi ya wuce, bazara ta zo ta wuce, har yau allon nan bai ƙare ba, a hannun mutumin da ke tashin tanki sukutum cikin yini biyu. Wannan zuwan a ce kauri ya yi yawa a rage, wancan zuwan a ce wutsiya ba ta zauna ba. Husam da kansa yake nemo wa allon aibi, ya shigo jirgi tun daga Iskandariya ya zo ya nuna. Na je na zauna na duba da idona, allon lafiyarsa ƙalau. Na tabbata ƙarya suke yi su biyun, kuma ban ce musu komai ba.